Ranar da Manchester ta Shiga Jirgin Yaya Dung

Ni Kaneng, ni ce na tsaya a ƙofa ran nan. Na faɗa tun yanzu, don kada a ce Kaneng ta ɗora wa Celestina laifi ta tsame hannunta, ko da yake tsakani da Allah Celestina ma tana da nata kason, kuma na gaya mata a gaban idonta.

Dung yayana ne, shi nake bi. A Bukuru aka haife mu. Tun yana ƙarami ba ya ganin mutum bai kwaikwayi tafiyarsa ba, har fasto bai ƙyale ba, ya sha bulala a kan haka bai daina ba. Da ya zo Birmingham, abin da ake dukansa a kai shi ya zama abincinsa. Shekara goma yana koyar da wasan kwaikwayo a wata community centre, wato cibiyar jama'a, a unguwar Lozells. Sai aka shiga shekarun nan da ba ka jin komai a rediyo sai cuts, cuts, cuts, wato gwamnati tana rage kuɗin hidimar jama'a. Council, wato hukumar gari, ta rufe laburare, ta rufe wurin matasa, ta zo kan centre ɗin su Dung ta sa wa ƙofar kwaɗo. Ya koma ɗaukar kaya a warehouse, wato babban sito, irin aikin da sai an kira ka da safe za ka san ko akwai. Bayansa ya riƙe, suka daina kira. A watan Maris na 2013 kuɗin haya ya gagare shi, ya miƙa makullin flat ɗinsa.

Ni kaɗai na sani, don ya sa na yi masa rantsuwa. Ya ce, "In kika gaya wa ko mutum ɗaya a coci, ba ni ba ke." Na ce to ya dawo wurinmu a unguwar Sparkhill. Ya yi mini wani kallo. Ɗaki ɗaya muke ciki, ni da mijina Tomas da 'yan matanmu biyu.

"In kwana a gindin gadon mijin ƙanwata? Haba Kaneng. Ki bar ni da mutuncina, shi kaɗai ya rage mini."

Ranar Lahadi kuwa ka gan shi cikin kwat, takalmi yana ƙyalli, yana gaida manya yana ba kowa dariya. Wai ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ni kuwa haushi ya cika ni kamar in mare shi, sai dai yayana ne.

Inda yake kwana jirgin ruwa ne, kuma ta hannuna ya same shi. A care home nake aiki, wato gidan kula da tsofaffi. Akwai wata tsohuwar Baturiya da nake yi wa wanka, sunanta Monica, ƙafafu sun mutu amma baki yana nan daram. Ita ta fara gaya mini wai ana wasan kwaikwayo a kan ruwa. Ta ce a Amurka, da can, manyan jirage ne suke bin koguna ɗauke da 'yan wasa, in sun iso ƙauye su busa wani abin busa mai tururi, manoma su ajiye aiki su zo kallo. A Ingila ba su da irin waɗannan kogunan, sai canal, wato ruwan da kakanninsu suka haƙa wa hanya da hannu don jigilar kwal. Da jirgin ƙasa da manyan motoci suka kashe sana'ar, ita da mijinta suka sayi wani tsohon jirgin kwal, suka yi masa rufi, suka jera bencina, suka kafa ɗan dandamali a gaba. Shekara talatin suna bin ruwa daga Birmingham har Manchester, kusan mako biyu a hanya, suna tsayawa a bayan masana'antu suna yi wa ma'aikata wasa. Mijin ya rasu, injin ya mutu, jirgin ya zauna ɗaure a wata kusurwa ta canal yana tsatsa.

Wata rana na kawo Dung ya yi wa tsofaffinmu wasa. Ya kwaikwayi manajanmu har wata nas ta fita tana riƙe da ciki don dariya. Monica ta kira shi ta damƙa masa makullin jirgin, da sharaɗi biyu. Kada wasa ya mutu a cikinsa. Kuma kada 'yan kallo su taɓa wuce ashirin. Ta maimaita ashirin ɗin sau uku, tana buga masa yatsa a ƙirji.

Jirgin dogo ne, ya fi tirela, amma in ka buɗe hannuwanka ka kusa taɓa bangonsa biyu. Ta baya ake shiga. Dung ya kankare tsatsa, ya yi fenti, ya gyara ɗan murhun da ke ciki. Katifarsa da kwat ɗinsa da takardunsa duk suna ƙarƙashin dandamali, in ya tashi kwanciya ya jawo katifar ya shimfiɗa a gaban bencin farko. Ya samu wani ɗalibi ɗan Kano, Nuru, mai karatun injiniya a uni, yana zuwa yana masa kiɗa suna wasan tare duk ranar Asabar. Mutum biyar su zo, wata rana takwas. Ba wani abin a zo a gani ba ne, amma fuskar yayana ta fara dawowa, kuma yana da ƙofar da zai rufe.

Ana wata ga wata. A watan Satumba takarda ta zo daga kamfanin da ke da bakin ruwan. Za su gina flats masu kallon canal, duk jiragen da ke ɗaure a wurin su tashi. Wuri ɗaya za a bari, ga jirgin da ya nuna yana yi wa jama'ar unguwa amfani. Za su turo wata mata ranar Asabar ta biyu a Oktoba, ƙarfe biyu na rana, ta ga wasa da idonta. In ba ta gamsu ba, kwana ashirin da takwas gare shi ya tashi. Jirgin da ba shi da inji kuwa ina zai je? Sai wurin masu yanka ƙarfe. Dung ya karanta mini takardar yana dariyar yaƙe.

Na daina barci. Ina ɗaga tsofaffi ina sauke su, zuciyata tana kan wurin zama ashirin ɗin nan. Na roƙi mutanen cocinmu, kowa ya ce yana da shift a wurin aiki, kuma gaskiya suka faɗa, a shekarun nan wa zai ƙi shift? Sai na kira Celestina, 'yar ƙanwar mamarmu da ke Withington a Manchester. Na ce, "Ki taimake ni ki zo da mutum biyu ko uku, a cika wa Yaya Dung wuri." Biyu ko uku na ce, Allah ne shaidata. Abin da ban yi ba shi ne gaya mata dalilin ashirin, kuma ban gaya mata abin da jirgin yake a wurin Dung ba, saboda rantsuwata.

Ita kuwa, baki abin magana, sai ta miƙe a cocinsu lokacin sanarwa ta ce ɗanmu Dung yana buɗe gidan wasa a Birmingham, yana gayyatar kowa da kowa.

Ranar Asabar aka tashi da yayyafi. Ƙarfe biyu daidai matar ta iso, da rigar ruwa ruwan ɗorawa da allon rubutu a hannu. Ba muguwa ba ce, gajiya ce kawai a fuskarta. Ta shiga ta zauna, ta waiwaya. Mutum shida ne a ciki: 'yan matana biyu, abokan Nuru uku da ya jawo daga uni, da wani tsoho mai kare da ya shigo don fake wa ruwa. Celestina ba ta ɗaukar waya. Dung yana bayan labule, na ji yana ta gyaran murya ba dalili. Ƙarfe biyu da kwata. Biyu da minti ashirin da biyar. Matar ta dubi agogo ta tashi, ta ce da ni za ta je ta sha shayi a kan titi, za ta dawo ƙarfe uku, abin da ta tarar shi za ta rubuta. Na ce mata na gode, har da ɗan rusunawa, ban san na yi ba.

Na tsaya a ƙofa ruwa yana dukana, ina cewa, "Ya Yesu, ko mutum goma. Goma kawai."

Biyu da minti arba'in sai ga coach ta tsaya a kan gada. Ba ƙaramar mota ba, babbar bas ta doguwar tafiya. Ƙofa ta buɗe, sai ga matan zumuntar coci suna saukowa cikin anko, da kuloli, da tulun kiɗa, da caki, ga maza da huluna. Celestina ce a gaba tana ɗaga mini hannu kamar ta ci zaɓe.

"Ke, yaya kika gani? Na ce miki ki bar mini!"

Gaskiya zan faɗa, farin ciki na fara ji. Na rungume ta. Sai da suka fara gangarowa matakala na ga jerin ba ya ƙarewa, sannan na tuna ashirin ɗin Monica.

Na tsaya a ƙofa ina ƙirgawa. Akwai shida, saura sha huɗu. Matan da ke da ƙarfin ƙafa su suka fara isowa, suna shiga suna yaba fenti. Goma sha biyu, sha uku, sha huɗu. Na miƙa hannu na tare ƙofar.

Wanda ya iso a daidai lokacin, yana dogara sanda saboda gwiwa ta sa shi a baya, Baba Gamaliel ne. Ga wanda bai sani ba, Baba Gamaliel shi ya ɗauko mu daga filin jirgi ranar da muka sauka ƙasar nan. A falonsa na kwana wata huɗu. Shi ya tsaya a matsayin uba ranar aurena, don namu ya riga ya rasu. Shekararsa saba'in da takwas, ya zauna a mota awa biyu da wannan gwiwar.

Ya dubi hannuna, ya dube ni.

"Kaneng, wannan hannun fa?"

"Baba, an cika."

Ya leƙa ciki ta ƙarƙashin hannun nawa. "Ina aka cika? Ga wuri can, ga wuri can."

"Baba, doka ce. Mutum ashirin ne kawai."

"Au." Ya gyara hularsa a hankali. "Ko tikiti ake yanka ba a gaya mana ba? Faɗi, 'yata, ba komai."

Da ma zagina ya yi. Daga ciki Mama Alice, shugabar zumuntar mata, ta ɗaga murya, "Ke Kaneng! Baba za ki tare a ƙofa cikin ruwa? Turawa sun cinye miki kai ne? Ku matsa, ku matsa, akwai wuri!" Nan take bencin mutum biyu ya koma na huɗu. Mu da muka saba shiga motar hayar Terminus a gida mu bakwai a kujerar mutum huɗu, wa zai gaya mana an cika?

Hannuna ya sauka. Ban sauke shi ba, shi ya sauka. Baba ya shiga. Bayan Baba matarsa, ai ba ka raba su. Bayan matarsa wadda ta riƙo mata jaka. Sai surukin fasto. To bayan ka bar waɗannan, wa za ka fara cewa a'a, da wane ido? Na kama Celestina na ce a raba su kashi biyu, a yi wasan sau biyu. Ta ce direba zai juya ƙarfe biyar, kuma waɗanne ne za su tsaya a ruwa, ki nuna mini su da yatsa. Ban iya nunawa ba. Kuma can ƙasan zuciyata wata murya tana cewa, bari matar nan ta dawo ta ga an cika maƙil, ta san yayana ba shi kaɗai ba ne a duniya. Na daina ƙirga a arba'in da bakwai.

Nuru ya kutso ta cikin mutane da ƙyar ya fito, ya durƙusa a bakin ruwa ya leƙa gaban jirgin. Da ya ɗago, fuskarsa ta canza.

"Anti Kaneng, zo ki gani."

A gaban jirgin, bayan dandamali, akwai ɗan fili a waje, da ramuka biyu a gefe da ruwan sama ke fita ta cikinsu. Kullum suna sama da ruwan canal da kusan taƙi guda. Yanzu saura yatsa biyu.

"Tsohon jirgi ne, an yi masa facin ƙarfe a ƙasa, dama a nutse yake," in ji Nuru. "In ramukan nan suka shiga ruwa, maimakon su fitar, shigo da shi za su yi. Wallahi a rage mutane."

Muka zagaya ta gaba muka samu Dung a bayan labule. Ya riga ya ɗaura zane a kan wandonsa ya kafa ɗankwali, don mace yake fitowa a wasan. Nuru ya gaya masa. Dung ya ɗan ja labulen ya leƙa. Ya daɗe yana leƙe. Tun da aka rufe centre bai ga fuskoki haka suna jiransa ba, ga Baba Gamaliel a bencin farko ya ɗora haɓa a kan sanda. Da ya juyo idanunsa sun kawo ruwa.

"Wa zan fitar, Nuru? Baba?" Ya share ido da bakin ɗankwali. "Minti arba'in ne. Kaneng, ki gaya musu kowa ya zauna inda yake, kada wanda ya motsa. In ba a motsa ba, zai riƙe?"

Nuru ya ce, "Wataƙila."

A kan wannan wataƙila muka ɗora komai. Na koma ƙofar baya na tafa hannu, na ce don Allah don girman Allah kada kowa ya tashi daga wurinsa har a gama. Suka amsa baki ɗaya, "To!" Har da masu cewa ai mu ba yara ba ne.

Aka fara. Dung ya fito a matsayin wata mata mai aikin care, Nuru shi ne manaja mai bin ta da agogo. Kai, yayana ya iya! Yadda take gudu daga ɗaki zuwa ɗaki, yadda take yi wa manaja "yes please" da baki tana zaginsa da Hausa a ciki. Rabin matan da ke wurin aikinsu ke nan. Dariya har jirgin yana girgiza, ni kuwa duk girgiza ɗaya sai na tuna ramukan nan. Ina ƙofa, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje. Ƙarfe uku na hango rigar ruwan ɗorawa tana saukowa daga gada da kofin shayi. Na ce a raina, mun ci.

A daidai nan wasan ya juya. Wayar matar da Dung yake kwaikwayo ta yi ƙara a tsakiyar shift, aka gaya mata mamarta ta rasu a gida. Ba ta da halin zuwa. Manaja ya ce saura ɗaki huɗu. Sai ta ajiye wayar a aljihu, ta ɗauki tawul, ta ci gaba da goge ƙafar tsohon da take wa wanka, tana rera wata 'yar waƙa da Dung ya ƙirƙira a kan uwa da hanya mai nisa, ƙasa-ƙasa don kada manaja ya ji. Abin da ya faru da ni ne lokacin rasuwar mamarmu. Bai gaya mini ya sa shi a wasa ba.

Dariya ta ɗauke. Sai na ji wata ta fashe da kuka. Sai Mama Alice ta karɓi waƙar, don amshin mai sauƙi ne. Wata ta buga tulu. Caki ya shiga. Na ce, "A'a. A'a, don Allah." Ba wanda ya ji ni. Mama Alice ta miƙe tana kwance bakin zanenta, ta nufi gaba za ta yi wa Dung liƙi. A wurinmu in mutum ya taɓa maka zuciya haka, ba ka zama a kujera kana tafi kamar Bature, tashi kake ka je ka manna masa a goshi kowa ya gani. Ta tashi, ta kusa da ita ta tashi, maza suka sa hannu a aljihu. Mutum arba'in da wani abu suka tattaru suka yi gaba, suna rawa suna kuka.

Na ji bayan jirgin ya ɗaga a ƙarƙashin ƙafata.

Nuru ya yar da gangar da yake masa kiɗa yana ihu, "Ku koma baya! Ku koma baya!" Suka ɗauka cikin wasan ne, wasu har da dariya. Dung ya daina waƙa. Yana tsaye ana manna masa kuɗi a goshi, shi kuwa ƙasa yake kallo. Wata ta ce, "Wa ya zubar da ruwa a nan?" Ruwan ya shigo ta ramukan, ya cika ɗan filin waje, ya tsallake dokin ƙofar gaba, ya bi ta ƙarƙashin dandamali, sannan ya fito ta ƙafafun mutane, baƙi, mai sanyin ƙanƙara.

Wayyo Allah, abin da ya biyo baya ba na son tunawa. Kowa ya ruga gefen da tudu yake, jirgin ya karkata, ruwa ya samu ƙaramar tagar gefe. Ƙofar baya kaɗai ta rage, mutum ɗaya take ɗauka. Na cafko 'yan matana na jefa su tudu, na tsaya ina jan duk hannun da na samu. Matar kamfanin ta yar da shayi da allo ta durƙusa kusa da ni tana ja. Nuru ya fito da Baba Gamaliel a bayansa. Tsohon nan ya fito da karensa a kafaɗa. Dung ne na ƙarshe, sai da ya tabbatar ba kowa.

Canal ba shi da zurfi, abin da ya cece mu ke nan. Jirgin bai kife ba, zama kawai ya yi a kan laka, a hankali, ruwa ya tsaya a rabin tagogi. Ba wanda ya mutu, ba wanda ya karye. 'Yan kwana-kwana suka zo suka lulluɓe tsofaffi da bargunan nan masu ƙyalli. Dung ya yunƙura zai koma ciki, wani ɗan kwana-kwana ya tare shi da ƙirji. Ni na san abin da zai ɗauko. Ta taga ana hango katifa tana yawo a kan ruwa tsakanin bencina. Celestina ta ce, "Ayya, har kayan wasan sun jiƙe." Dung ya gyaɗa kai.

Matar kamfanin ta zo ta tsaya a gabansa, rigarta duk laka. Ta ce ta ji waƙar daga waje, ba ta fahimci ko kalma ɗaya ba, amma ta ji. Ta ce ta yi baƙin ciki. Za a kawo injin ɗaga kaya a fitar da jirgin cikin mako, kuma ba za a mayar da shi ruwa ba. Dung ya ce mata ya gode da zuwa. Har lokacin ɗankwalin yana kansa, ni na cire masa.

Sai Baba Gamaliel ya ce a yi addu'a. Muka yi da'ira a bakin ruwa, jiƙe sharkaf, ya gode wa Ubangiji da ba a rasa rai ba. Da ya gama ya dafa kafaɗar Dung.

"Ɗana, kada ka sa a ranka. Ƙarfe ne kawai. Tunda kana da rai kana da gidanka, za a samu wani."

Kowa ya ce haka ne, Baba. Ɗaya bayan ɗaya suka zo suna cewa ƙarfe ne kawai, Allah ya kiyaye gaba, kai amma ka iya wasa. An tsira da kula biyu, aka buɗe aka raba shinkafa a tsaye. Aka miƙa wa Dung, ya karɓa, har ya ci. Ni ko ƙwaya ban ci ba. Ina kallonsa ina cewa a raina, faɗa musu mana, faɗa musu. Ya harare ni sau ɗaya, na gane.

Ƙarfe huɗu da rabi direba ya fara danna hon. Baba ya ce ba za a bar mu a jiƙe mu bi bas ba, a sauke Dung a Lozells, a sauke ni da yara a Sparkhill, sannan a kama hanya. Dung ya ce a'a Baba, zai tsaya ya ga abin da za a yi. Baba ya ce me za ka gani, shiga mota. Ba a yi wa Baba musu sau biyu. Wani ya ba Dung jaket, ya cire zanen ya shiga.

Baba ya san tsohon gidan Dung, ya sha zuwa. Shi ya riƙa nuna wa direba hanya da sanda, nan dama, nan hagu, har muka tsaya a gaban jerin gidajen jan bulo. Ƙofar da take kore a da, yanzu an yi mata fenti shuɗi. Dung ya tashi ya bi layi yana gaisawa da kowa, ya gode, ya gode, Allah ya kai ku lafiya. Ya sauka, ya tura ɗan ƙyauren shinge, ya hau matakala biyu ya tsaya a bakin ƙofa. Ya juyo ya ɗaga mana hannu.

Direba ya sa giya. Baba ya buga sanda a ƙasa.

"Tsaya. Ba a sauke mutum a wuce. Bari ya shiga tukuna."

Coach ta tsaya tana ruri. Fuskoki arba'in a jikin gilashi. Dung ya sa hannu a aljihun dama, ya fitar, ya sa a na hagu. Ya shafa jaket ɗin da ba tasa ba. Ya yi dariya ya nuna mana canal da hannu, wai makulli ya faɗa ruwa, mu tafi kawai. Baba ya zuge taga ya ce, "Buga wa maƙwabci, muna jira." A tagar ƙasa ta gidan labule ya motsa, wata mata da ban taɓa gani ba ta leƙo tana kallon mutumin da ke tsaye a ƙofarta, ta ɗauko waya.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Muryata ta fito da ƙarfi fiye da yadda na so.

"Baba, ba zai shiga ba. Ba gidansa ba ne. Tun watan Maris ba gidansa ba ne."

Baba Gamaliel ya juyo gaba ɗaya, da gwiwar tasa da komai.

"To ina yake kwana?"

"A jirgin, Baba. A gaban bencin farko."

Mama Alice ta ɗora hannu biyu a ka. Ta gilashi ina ganin yayana, bai san na faɗa ba, hannu ɗaya yana lalube a aljihu, ɗayan yana yi wa direba alama ya tafi, yana murmushi.